DOROGU: BAWAN DA YA ZAMA MALAMIN MAKARANTA

Yau tarihin wani Bahaushe na kawo muku, wanda da yawanmu a nan Angwan Iya ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali rubutun bokon nan da kuke karantawa akwai guminsa a ciki.

Dorogu mutumin Dambanas ne, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An haife shi wajen 1840. Yana yaro mahara suka kama shi, aka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu kamar akuya, har ya tsinci kansa a Kukawa ta Borno. A can wani Bajamushe mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu ke kira Abdulkarim, ya ɗauke shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Suka bi ta Katsina da Sakkwato har Tumbuktu. A 1855 suka ƙetare sahara suka isa Ingila.

To, a nan labari ya juya. Wani ɗan mishan mai suna Schön ya riƙe yaran. Dorogu ya shiga addinin Kirista, aka raɗa masa James Henry. Ya zauna yana faɗa wa Schön tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuwa yana rubutawa, ya kuma taimaka masa wajen juya littattafan addininsu zuwa Hausa. Da irin wannan taimako Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885.

Dorogu ya dawo gida a 1864, ya yi aikin tafinta shekara da shekaru. Bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, ya koyar a can. A Kano ya rasu a 1912.

Wani zai ce, ai ya bar hanya, me ya kai mu gare shi? Ni kuwa tambayata ita ce, wa ya fara sayar da shi? Ba Bature ba ne, namu ne. Kada mu manta, Keffin nan da muke cin abinci a cikinta, kafin zuwan Turawa bayi na cikin gaisuwar da take aika wa Zazzau. Ni ɗan kasuwa ne, amma wallahi wannan ciniki abin kunya ne.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ka wulakanta, wanda ya ja shi a jiki shi zai bi. Mu dubi marayu da almajiran da ke kwana a zaurukanmu, mu sa su makaranta tun kafin wani ya yi mana. Allah Ya sa mu gane, amin.