Ganawar Warware Matsala: Yadda Ake Tantance Masu Ba da Shawara kan Muhalli

Manyan kamfanonin ba da shawara kan harkokin kasuwanci, irin su McKinsey da BCG da Bain, kan tantance masu neman aiki ta hanyar gabatar musu da matsalar wani kamfani, su warware ta baki da baki cikin kimanin rabin sa'a.

A fannin muhalli, ana iya tambaya: ta yaya kamfanin siminti zai rage hayaƙi mai ɗumama duniya ba tare da ya tafka asara ba? Wanda ya shirya zai fara kasa hayaƙin kashi uku, bisa tsarin GHG Protocol: wanda masana'antar ke fitarwa da kanta, da na lantarkin da take saye, da na masu kawo mata kaya da masu sayen hajarta. Daga nan sai ya ƙiyasta kuɗin rage kowane tan guda, ya jera hanyoyin daga mafi araha zuwa mafi tsada.

Ana kuma sa ran ya san Yarjejeniyar Paris ta 2015. Shiri mafi amfani shi ne yawaita atisaye da aboki, ana lissafi da ka, ana bayyana dalilin kowane mataki.