Jarkar Mai a Matsayin Kayan Fasaha: Aikin Romuald Hazoume na Jamhuriyar Benin

1.0 Gabatarwa

A al'adance, masassaƙan Afirka ta Yamma da icce da tagulla da yumɓu suka saba aiki. Wannan takarda za ta dubi yadda wani mai fasaha daga Jamhuriyar Benin, Romuald Hazoume, ya bar waɗannan ya koma wa tsohuwar jarkar roba, da kuma tarihin da ya sa ta faɗa.

2.0 Asalin Jarkar

An haifi Hazoume a Porto-Novo a shekarar 1962. Shekaru da dama man fetur ya fi araha a Nijeriya saboda tallafin gwamnati, don haka 'yan fasa-ƙwauri suka riƙa tsallakar da shi zuwa Benin a kan babura. A can ana kiran wannan mai "kpayo", masu sayar da shi kuwa su ne 'yan bumburutun ƙasar. Sukan gasa jarka a wuta domin ta kumbura ta ƙara cin mai, abin da ke sa ta yi rauni. Waɗannan jarkoki ne Hazoume yake yankewa ya mayar da su fuskoki: mariƙi ya zama hanci, bakin jarka ya zama baki.

3.0 "Bakin Sarki"

Tsakanin 1997 da 2005 ya haɗa babban aikinsa, La Bouche du Roi, wato "Bakin Sarki", sunan wani wuri a gaɓar tekun Benin. Ya jera fuskokin jarka 304 a ƙasa cikin siffar Brookes, jirgin bayi na Ingila wanda masu yaƙi da cinikin bayi suka yaɗa zanensa a ƙarshen ƙarni na 18. Gidan Tarihi na Birtaniya ya baje aikin a Landan a 2007, shekara 200 bayan dokar da ta haramta cinikin bayi. Saƙon a fili yake: yadda ake cika jarka har ta fashe a yar, haka aka yi da bawa jiya, haka talauci ke yi da ɗan babur yau.

4.0 Kammalawa

A watan Mayun 2023 Nijeriya ta janye tallafin mai, amma sana'ar ba ta mutu nan take ba. A Satumbar shekarar, gobara a wani rumbun man fasa-ƙwauri a Seme-Krake ta halaka mutane fiye da 30. Ke nan, jarkar Hazoume shaida ce ta tarihi, wadda ɗalibi zai iya nazarta kamar yadda yake nazarin rubutaccen kundi.