Kifin Furu na Tafkin Victoria

Furu rukuni ne na ƙananan kifaye dangin karfasa da ke Tafkin Victoria, wanda Tanzaniya da Uganda da Kenya suka yi tarayya a kansa. Masana sun ƙiyasta ire-irensu sun kai 500, akasarinsu babu su a wani ruwa a duniya. Tafkin ya ƙafe kusan shekara 15,000 da suka wuce, don haka yawancinsu bayan dawowar ruwan suka samu.

Ƙwayoyin halittarsu kusan ɗaya ne, amma siffarsu ta sha bamban. Wasu na kankare gansakuka a jikin duwatsu, wasu na murƙushe dodon koɗi da haƙoran maƙogwaro, akwai ma masu cin ƙwai da 'ya'yan wasu kifayen. Uwa kan riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa asalinsu barbarar yanyawa ce tsakanin kifayen yankin Kogin Kwango da na Kogin Nilu.

A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin. Da ya yaɗu a shekarun 1980, ire-iren furu kusan 200 suka ɓace. Gurɓacewar ruwa ta ƙara dagula lamarin, domin mace da launi take gane namijin irinta, a ruwa mai dauɗa kuwa iri kan cakuɗe.

Ƙasashen uku sun kafa hukumar kula da kamun kifi ta tafkin a 1994, mai hedikwata a garin Jinja na Uganda. Wasu ire-iren sun tsira a ƙananan tafkuna kamar Kanyaboli da Nabugabo.