Miƙar da Fallen Ƙarfen Sifirin Bayan Naɗi a Ƙaramar Maƙera

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa fallen ƙarfen sifirin da aka warware daga naɗi ke ƙin kwanciya, ta kuma nuna da lissafi cewa danna shi ba ya miƙar da shi. Sai an lanƙwasa shi ta baya fiye da kima.

Gabatarwa

Ƙarfen sifirin, irin su 1075 da 1095, yana da kabon tsakanin kashi 0.7 zuwa 1 cikin ɗari, kuma yawanci an riga an ƙarfafa shi da wuta kafin a naɗe shi. Mai sana'a kan yanko falle, ya ɗora masa nauyi ya kwana, da safe yana ɗagawa sai ya ga lanƙwasar tana nan daram.

Tushen matsalar

Ƙarfe ba ya riƙe sabuwar siffa sai jan da ke bayansa ya haye wata iyaka. Idan an lanƙwasa falle a kan bututu, wannan ja kusan kaurin fallen ne a raba da faɗin bututun. Mu ɗauki ƙarfe mai iyakar megapaskal 1,400, taurinsa kuwa kusan 200,000: iyakar ta kama kashi 0.7 cikin ɗari. Ke nan falle mai kaurin milimita 0.5 ba zai soma sallamawa ba sai a kan bututun da faɗinsa bai kai milimita 70 ba; mai kaurin 0.2 kuwa sai ƙasa da 30. Ƙarfen gama-gari mai iyakar 250, a kauri ɗaya da na farko, tun a milimita 400 yake sallamawa. Shi ya sa dabarar da ta saba yi wa maƙeri aiki take cin tura a nan.

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne abin da Johann Bauschinger ya gano a Munich a shekarun 1880: ƙarfen da ya taɓa sallamawa ta wani ɓangare yakan fi saurin sallamawa ta kishiyarsa.

Hanyar aiki

A kifa fallen, a ja shi a kan bututu ko tsakanin rola uku, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan, ana duba shi a kan gilashi bayan kowane zagaye. Injin masana'anta ma haka yake yi, sai dai rolarsa da yawa, lanƙwasar tana raguwa har mafita. Guduma, a ganina, ɓarna ce: tana baza inda ta sauka, gefe ya kama igiyar ruwa.

Wuta ta fi buƙatar hattara. Ana iya matse fallen tsakanin faranti biyu masu kauri a gasa shi, amma ƙasa da zafin da aka yi masa tun farko; shuɗin launi na bayyana wajen digiri 300. Wuce haka yana rage ƙarfinsa, kuma ja-wur ɗin garwashi yana kashe sifirin ɗin ɗungurungum. Shi kansa naɗin yana buƙatar hattara: kafin a yanke ɗaurinsa, a ɗaure shi da igiya, a sa safar hannu ta fata da tabarau, domin bakinsa na tsalle da kaifi.