Allo, Alƙalami da Littafin Biki: Tarihin Sana'ar Mai Ilimi a Karkarar Kano

A karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Ɗambatta, da wuya a samu mai ilimin da ya dogara da sana'a ɗaya. Wanda ke koyar da Larabci ko Turanci da safe, shi ake kai wa takarda da rana a ce ya rubuta, kuma idan aure ya taso a unguwa, galibi shi ake damƙa wa lissafin kuɗin biki. Asalin wannan hali yana cikin ƙasar kanta. Gonakin yankin manne suke da juna, babu daji, babu saurar da za a bari ta huta. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin a shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara da ƙarfin takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Rabon gado kuwa yana ƙara tsinka gonakin a kowane zamani. Damina ba ta wuce wata huɗu, abin da aka girbe kuma ba ya kai gidaje da yawa wata damina. Saboda haka kowa yana da sana'ar rani: wani saƙa, wani jima, wani cirani. Shi mai ilimi alƙalami ne jarinsa, ya kuma raba shi gida uku kamar yadda manomin yankin ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, don in ɗaya ya ƙi, saura su riƙe gida.

Kafin zuwan boko, malamin zaure ne ke riƙe da dukkan ukun. Da asuba da kuma bayan magariba yana biya wa yara allo, daga babbaƙu zuwa farfaru har su kama karatu. Da hantsi manya su zo da littattafansu: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, sai Ajurumiya ga wanda ya kai ga nahawu. Koyar da harshe ne tsantsa, domin malami yana karanta jimlar Larabci ne ya fassara ta da Hausa kalma bayan kalma, ɗalibi yana maimaitawa. Shi ne kuma mai rubuta wasiƙa da ajami ga fatake, da takardar jinginar gona, da lissafin rabon gado, ban da rubutun sha da laya. A sha'anin aure, wurinsa ake zuwa neman ranar da ta dace, shi yake ɗaura auren, a gabansa wakili ke miƙa sadaki ga waliyyi. Babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ke da farashi. Akwai kuɗin Laraba da yara ke kawowa, akwai zakkar hatsi da kaka, akwai goro da abin da ya sawwaƙa ranar ɗaurin aure, almajirai kuma su yi masa noma. Wanda aka yi wa aiki yakan ce, "Malam, ga na goro," malam ya karɓa ba tare da ya ƙirga a gabansa ba.

Wannan rabin labarin ne, domin ɗaurin aure na maza ne, biki kuwa na mata. Daga karɓar lefe zuwa kamu, sa lalle, wankan amarya, jere, kai amarya, buɗar kai da gara, duk suna hannun uwar biki da alwanka da gwaggwannin amarya. Dillaliya ce ke samo kwanuka da tasoshin da za a jera. Aiki mafi nauyi a nan shi ne riƙe lissafin gudummawa. Duk matar da ta kawo kuɗi ko hatsi ko turmin atamfa bashi ta bayar, kuma ranar da nata bikin ya zo dole a mayar mata da abin da ya ɗara wanda ta kawo. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna irin wannan zumunci na biki a ƙasar Zazzau, kuma haka abin yake a ƙasar Kano. A wancan zamani lissafin nan duka a ka yake. Akwai tsofaffin da za su faɗi abin da kowace mata ta kawo a bikin da aka yi shekaru da dama baya, ba su ɓata ko ɗaya ba, kuma rigima takan ƙare ne a kan maganarsu.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an tura hakimai su zauna a gundumominsu, sai aka buƙaci malaman da za su rubuta sunayen masu biyan haraji da jangali. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta fara yaye masu rubutun boko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, 'yan baranda da masu awo suka buƙaci mai riƙe musu littafi. A nan ne rubutu ya fara zama aikin da ake biya da kuɗi sananne. A nan ne kuma aka fara koyar da Hausa don lada, domin jami'an mulkin mallaka sai sun ci jarrabawar Hausa, suna kuwa ɗaukar malamai su koya musu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da gumin irin waɗannan malamai aka tara shi, ko da yake sunan mutum ɗaya ne a bangonsa.

Bokon bai shiga ƙauye sosai ba sai da Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa jagoranci. Malaman ajin manya ba cikakkun ma'aikata ba ne. Manoma ne da teloli da 'yan tireda, suna koyarwa da yamma a lokacin rani a ba su ɗan alawus. Hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai, lardin Kano yana da jaridarsa mai suna Sodangi, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939. Malamin aji ya zama mai karanta wa jama'a jarida a gindin bishiya, mai rubuta wa tsohuwa wasiƙa zuwa ga ɗanta soja ko ɗan cirani a Ikko, sannan mai karanta mata amsa idan ta zo. Wannan ya sa ya san sirrin gidaje da yawa. Wanda ya iya bakinsa, shi ne daga baya ake kira ya zauna a kan tabarma ranar biki da littafi da biro. Mai surutu kuwa, komai kyan rubutunsa, ba a sake nemansa.

Shekarun 1970 sun girgiza yankin. Farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun karya babbar hanyar samun kuɗin manomi. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka ɗebi malamai da gaggawa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, aikin malamin haraji ya mutu, amma a 1980 ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta jiha da kamfanin Triumph, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami. Muhimmin abin da ya biyo baya shi ne shigowar mata. Ajujuwan manya na mata da makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda suka yawaita bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978, sun sa alƙalami ya shiga cikin gida. Abin da matan ƙauye suka fara rubutawa ba labari ba ne, lissafi ne: zubin adashi, bashin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da sunayen waɗanda suka kawo gudummawa. Littafin biki ya karɓi aikin ƙwaƙwalwar tsofaffi, yarinyar da ta yi aji shida ta zauna kusa da uwar biki tana rubutawa. Daga wannan zama ne mai tsara biki ta yau ta fito.

Rubutun labari ya zo daga baya, tare da littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma karatu a ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa sun shiga ƙauyuka ta hannun 'yan koli ranar kasuwa, masu shago suna ba da su haya. 'Yan mata da matan aure suka shiga cika littattafan makaranta da nasu labaran, waɗanda kusan dukkansu a kan aure suke: kishiya, auren dole, lefe, uwar miji. Mai zuwa gidajen biki ba ta rasa abin rubutawa. Sai dai kuɗin ba ya tafiya daidai da sunan. Marubuciya ce ke biyan maɗaba'a, ta kai wa mai shago a birni bashi, ya riƙa biyanta kaɗan-kaɗan, ita kuwa ta ƙauye sai ta haɗa da kuɗin mota da neman izinin fita. Ƙona littattafai da aka yi a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu da matsin Hukumar Tace Fina-finai sun ƙara tsorata masu shaguna. Ba a taɓa samun lokacin da rubutu shi kaɗai ya ciyar da marubucin ƙauye ba.

Koyarwa ce ta ci gaba da riƙe tukunya. Tun daga tsuke bakin aljihu na 1986 albashin malami ya daina isa, sai lesin ya zama ruwan dare: malami ya tara yara da la'asar a zaure ko a ƙarƙashin darbejiya, iyaye su biya a wata. Turanci ne aka fi nema, tun da babu shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa, kuma a nan ɗaliban karkara suka fi faɗuwa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da takwarorinta na birni suna yaye masu takardar NCE fiye da gurbin aikin da ake da shi, yawancinsu kuwa lesin da makarantun kuɗi ne mafakarsu. Ana kuma samun ƙananan ɗalibai na daban: ɗan bautar ƙasa daga kudu da ke son Hausar cefane, ko mai shirin tafiya Saudiyya neman aiki da ke son Larabcin magana, wanda ya sha bamban da na Ajurumiya.

Wayar salula da ta shigo a 2001 ta kashe rubutun wasiƙa cikin 'yan shekaru, amma takardu ba su ragu ba. Yanzu abin da ake kawowa shi ne cike fom na tallafi, takardar neman aiki, ƙorafi zuwa ƙaramar hukuma, tsarin mulkin ƙungiyar samari, yarjejeniyar cinikin fili. Labari ya koma WhatsApp da Wattpad. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya yi daɗi ta rufe, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a saka shi a rukunin waɗanda suka biya. Babu maɗaba'a, babu mai shago, babu kuɗin mota, sai dai mutum ɗaya na iya biya ya tura wa mutum ɗari, kuma masu karanta littattafai a YouTube ba kullum suke neman izini ba. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, da aka fara a 2016 don mata zalla, ta ba gajeren labari daraja. Marubuciyar ƙauye dai da babban yatsa take rubutu, a wayar da ake kai wa mai caji.

Bikin ma ya sauya. An samu kati da anko, hayar rumfa da kujerun roba, mai hoto, mai kwalliya, janareto da mai kiɗan na'ura a inda dā 'yan kalangu da masu kiɗan ƙwarya suke. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisba a 2003, gidaje da yawa sun maye gurbin kiɗa da walima, inda malamar Islamiyya ke yi wa amarya nasiha, sau da yawa kuma ita ce mai gabatar da taron. Auren zawarawa da gwamnati ta fara ɗaukar nauyi a 2012, da na ma'aurata 1,800 a 2023, da dokar gwajin lafiya kafin aure ta 2024, duk sun ƙara yawan takardun da ke gaban aure. Wadda ta iya cike su, ta san farashin akwati a Kantin Kwari da na buhun shinkafa a Dawanau, ta kuma san wace gwaggo ce za ta yi fushi idan ba a fara sanar da ita ba, ta zama wadda ba a yin biki sai da ita.

Kalandar shekara ce ke raba wa masu wannan sana'a lokaci. Da damina lesin yakan yi rauni, yara suna gona, iyaye ba su da kuɗi. Da kaka hatsi ya shigo, aure ya ɓarke. Watan Sha'aban ya fi kowane cunkoso, kowa yana so a kai amarya kafin azumi, har a samu biki uku a mako ɗaya a ƙauye ɗaya. Da azumi biki ya tsaya, a samu sararin rubutu bayan sahur. Gab da lokacin jarrabawa kuma lesin ke ci. A cikin mako, karo yana faruwa ne Asabar da Lahadi, ranakun da Islamiyya ta fi cika kuma ranakun yinin biki, shi ya sa kusan kowace malama tana da babbar ɗaliba da ke riƙe mata aji.

Abin da har yanzu bai daidaita ba shi ne biya. A birni mai tsara biki tana da ofis da farashi a rubuce. A ƙauye kuwa uwar amarya ko dai 'yar uwa ce ko maƙwabciya, kuma faɗa mata farashi kai tsaye abin kunya ne. Idan ta ce, "'Yar nan, ke za ki tsaya mana," amsar da ta dace ita ce, "To Inna, Allah Ya kai mu." Ladan yakan zo a matsayin turmin anko kyauta, kwanon alkaki da dubulan daga gara, da ɗan abin da mai rumfa ko mai hoto zai ba ta don ta kawo masa ciniki. Matasan da suka shigo sana'ar a 'yan shekarun nan sun fara rarrabewa. Ga dangi na kusa ana yi don zumunci. Lesin ana biya a farkon wata, ba a ƙarshe ba. Littafi sai an ga shaidar biya. Bikin da ya fito daga wani ƙauye kuma ana karɓar kafin alƙalami, a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai a shafin farko na littafin bikin, a gaban shaida ɗaya daga dangin amarya da ɗaya daga dangin ango.