Mamatanmu na Sabon Shagamu: Su Wane Ne, Kuma Me Suka Bar Mana?

 Ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya game da rashe-rashen da muka yi a Sabo daga ƙaramar sallar da ta wuce zuwa yau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen da muka raka makwanci suna da yawa, amma mutum huɗu zan yi magana a kansu, domin idan aka jera rayuwarsu sai ka ga tarihin zamanmu a ƙasar Remo ya fito tun daga tushe har zuwa halin da muke ciki. Ba zan kama suna ba saboda ban nemi izinin iyalansu ba, kuma duk ɗan Sabo yana karantawa zai gane su.

Kafin nan bari mu ɗan koma baya, mu ga abin da ya kawo Bahaushe nan tun farko. Amsar ita ce goro. A da kakanninmu Gwanja suke zuwa saro shi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa da kayan fata, a yi watanni ana tafiya kafin a isa kasuwar Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙarfin Asante a kan hanyar ya ragu, sannan a 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga. Sai fatake suka fara bin teku, a ɗoro goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ankara zuwa Ikko. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Marigayi Alhassan Dantata, mutumin Bebeji wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan safara ta teku.

Ana cikin haka manoman Yarbawa suka shiga dasa irin goron Gwanja a yankin Agege da Ota, daga nan ya bazu zuwa ƙasar Egba da Remo. Har yau gbanja suke ce masa, wato sunan Gwanja ne ya bi shi, don bambanta shi da nasu na gargajiya da suke kira abata. To, inda goro ya je, mai sayensa zai bi shi. Garin Shagamu kansa a 1872 aka kafa shi, lokacin da garuruwan Remo suka haɗu wuri guda don tsaron kai, kuma sai bayan Turawa sun ci Ijebu a 1892 hanyoyin ƙasar suka buɗe wa baƙi sosai. Tsohon layin dogo bai bi ta Shagamu ba, saboda haka zamanin manyan motoci ne ya ɗaga kasuwarmu, har ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren ɗaurin goro a Nijeriya.

Na farko cikin mamatanmu shi ne dattijon fatoman nan da ya haura shekara 90. Yana yaro mahaifinsa ya zo da shi daga wani ƙauye a ƙasar Kano, tun ana ciniki da fam da sule, tun kafin naira ta zo a 1973. Matasanmu da yawa ba su san aikin fatoma ba, sun ɗauka mai gidan haya ne kawai. Fatoma shi ke saukar da baƙon da ya zo saro, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa da kayansa, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa lamuni idan za a ba shi bashi. In baƙo ya gudu da kuɗin mutane, wuyan fatoma ake kamawa. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuwa sunansa ne. Da haka mutumin da bai iya ko gaisuwa da Yarbanci ba zai sauka yau, cikin mako guda a ɗaure masa huhu hamsin, ya kama hanyar Arewa bai sa hannu a takarda ko ɗaya ba.

Bayan sadakar bakwai, da 'ya'yansa suka buɗe adakarsa, sai suka tarar da tsofaffin littattafai cike da rubutun ajami. Kowane baƙo da ya taɓa sauka a gidan an rubuta sunansa da na ubansa da garinsu, da abin da ya ajiye da abin da ya karɓa. Akwai mutanen Bichi da Kura da Gwarzo, akwai na Jega, akwai na Maraɗi da Damagaram. Wasu daga cikin waɗanda aka rubuta a matsayin baƙi, jikokinsu ne yanzu masu gidaje a layinmu. Abin da ya sosa mini rai shi ne, cikin jikokin marigayin sama da 30, mutum biyu kaɗai suka iya karanta rubutun. Ya bar mata biyu suna takaba, da 'ya'ya a Shagamu da Kano da Fatakwal.

Ta biyu ita ce tsohuwar da duk muke kira Iya. Bayarabiya ce 'yar asalin Remo, daga gidan manoman goro. Tana budurwa ita ke kawo goro daga gona a kwando, a nan ta haɗu da wani ɗan kamasho Bakatsine, aka yi aure duk da cewa dangin ɓangarorin biyu sun ja da baya da farko. Mu maza muna son mu ce mu ne masu sana'ar goro, alhali kafin goro ya iso hannun namiji ya bi ta hannun mata irin su Iya: su fasa kwanso, su jiƙa, su sale farar fatar da ke jikinsa, su wanke, su bar shi ya tsane. Ita kuwa ido take da shi na ganin sankara. Ta ɗauki goro ta juya shi sau ɗaya ta jefa gefe, ka fasa ka tarar da tsutsa a ciki. 'Yan ɗauri sun sha faɗa cewa kayan da ya bi ta hannunta ba a sake tsince shi.

Manyanmu ba su manta abin da ta yi a watan Yulin 1999 ba. Rikicin ya tashi ne a lokacin bikin Oro, bayan kisan wata mata Bahaushiya da aka ce ta fito a daren da aka hana mata fita. An kashe mutane da dama, an ƙona gidaje da shaguna, kwanaki kaɗan bayan haka aka yi ramuwar gayya a Kano a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A wannan rana Iya ta kwashi yaran maƙwabta, ta ɗaura musu zannuwanta, ta ratsa da su zuwa gidan yayyenta a cikin gari, suka kwana uku a can. Waɗancan yara yanzu magidanta ne, kuma su suka yi ta karɓar makararta hannu da hannu. A zaman makokinta rabin tabarma Hausa ake yi, rabi Yarbanci, 'ya'yanta suna amsa gaisuwa da harsunan biyu. Duk mai cewa ba abin da ya haɗa mu da mutanen garin nan sai ciniki, da ya zo ya ga wannan zama.

Na uku tsohon direba ne, wanda ya fara da yaron mota tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin a koma dama a 1972. Ya yi sama da shekara 40 yana bin hanya ɗaya: Shagamu, Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ya haye gadar Jebba, ya bi ta Mokwa da Tegina zuwa Kaduna da Zariya da Kano. Ya hau da goro, ya sauko da wake da albasa da busasshen tattasai. Ya ga buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun a 1978, wadda ta mai da Shagamu mararraba. Kafin wayar hannu ta zo a 2001, shi ne gidan wayar Sabo. A aljihunsa ake aika wasiƙa da kuɗin cefane da kayan sallah, a bakinsa ake jin an haihu a Kura ko an yi rasuwa a Bichi. Aure nawa aka ƙulla tsakanin Sabo da gida ta hanyar saƙon da ya kai, Allah kaɗai Ya sani. Ya kasance yana faɗin cewa goro kamar jariri yake, ba ya son zafi, ba ya son jira, in mota ta lalace a daji kwana biyu to mai kaya ya shiga uku. A ƙarshen rayuwarsa ya sha kokawa kan yadda kuɗin mota ya ninka bayan cire tallafin mai a 2023, har ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka daina kai kaya kasuwar Mariri da kansu. Ya bar 'ya'ya tara, babu direba ko ɗaya a cikinsu, domin ya dage sai sun yi makaranta.

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Saurayi ne da bai wuce shekara 25 ba, ɗan acaba, mota ta buge shi a bakin babbar hanya. An kawo gawarsa masallaci domin an ga alamar ɗan Arewa ne. Abokan kwanansa laƙabinsa kawai suka sani, wani ya ce Bazamfare ne, wani ya ce daga Nijar yake. Wayarsa ta farfashe. Aka yi masa wanka, jama'a suka haɗa kuɗin likkafani, aka sallace shi aka binne, kamar yadda addini ya ce a gaggauta. Sai bayan kusan mako uku aka samu wanda ya san ƙauyensu, aka aika. Ku duba, jama'a, mako uku wata uwa tana can tana jiran ɗanta ya kira, shi kuwa yana ƙarƙashin ƙasa.

A zamanin dattijon fatoma da wuya haka ta faru, domin baƙo ba ya kwana a Sabo sai an san gidan da ya sauka da wanda ya tsaya masa. Yau rashin tsaro da talauci sun koro dubban matasa daga Arewa, suna sauka a tasha ba su da masauki, mu kuma da muka riga su zuwa mun bar tsarin da ya riƙe iyayenmu ya lalace ba mu kafa wani a madadinsa ba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, wato hantsi na yi zai tafi. To amma wanda kakansa ke kwance a maƙabartar garin nan, da ubansa, da ƙanensa, wace irin raɓa ce shi? Da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya. Duk da haka idan aka zo neman takardar shaidar asali don shiga makaranta ko aikin gwamnati, a nan a ce maka ka koma jiharku, a can kuma mai unguwa ya tambaye ka gidan wa, ka rasa amsa domin wanda ya san amsar shi ne muka binne. Na san samari a Sabo da ba su iya faɗin sunan ƙauyen kakansu ba. Wannan asara ce da ba ta da ƙara, shi ya sa ba mu damu da ita ba.

Sabon Badun, wanda aka kafa a 1916, ya samu Bature mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsa ya rubuta littafi a kansa a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Amma tarihin gida-gida, wa ya haifi wa, wa ya sauka a gidan wa, ba Baturen da zai zo ya rubuta mana shi. Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya zauna da su a wannan makon, ya rubuta ko ya naɗa a waya: garin asali, unguwa, sunayen kakanni, shekarar zuwa, da dangin da suka rage a can. Na biyu, iyalan da suka gaji littattafan ajami kada su bar wa gara, a kai wa malaman allo su karanta a kwafe. Na uku, ina kira ga fadar Sarkin Hausawa da limamanmu da shugabannin 'yan acaba da 'yan dako, a buɗe littafi a kowace tasha da masallaci, duk wanda ya sauka a rubuta sunansa da garinsu da lambar wani nasa. Littafi ɗaya da biro bai kai kuɗin ƙwaryar goro ba.

Malamai sun hore mu da ambaton alherin mamatanmu, to ga kaɗan daga alherin waɗannan na ambata. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya haskaka kabarinsu, Ya ba iyalansu haƙurin rashi, Ya albarkaci abin da suka bari. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.