Daga Zauren Sarki Zuwa Kotun Yanki

A shekarar 1947 wata shari'a daga ƙasar Gwandu ta tayar da ƙurar da ta daɗe ba ta lafa ba. Wani mutum, Tsofo Gubba, ya kashe kwarton matarsa. Majalisar Sarkin Gwandu ta ce kisan ganganci ne, a mazhabar Malikiyya kuwa fushi ba ya kankare ƙisasi, sai ta yanke masa hukuncin kisa. Da ƙara ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai aka ce a dokar Turawa wanda aka tunzura har ya yi kisa ba a kashe shi, aka soke hukuncin. Ran sarakuna da malamai ya ɓaci ainun. Wace doka ce ke iko a Arewa?

Turawa dai ba su kawo mana shari'a ba, tarar da ita suka yi. Tun zamanin Daular Usmaniyya alƙali na zaune bisa buzu, muhuti a gefensa, ga littattafan Risala da Muhtasar, mai ƙara ya kawo shaidu, wanda ya musa ya sha rantsuwa. Gwamna Lugga ya bar wannan tsari, sai dai ya hana yanke hannu da makamantansa, ya kuma ɗora Razdan da Di'o su riƙa duba hukunci. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan.

Da mulkin kai ya gabato, waɗanda ba Musulmi ba suka nuna fargaba, 'yan jam'iyyar NEPU kuma suna kukan ana ɗaure su a kotunan En'e saboda siyasa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan. Shawararsu ce ta haifi dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. Laifuka suka koma ƙarƙashinta, aka bar wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a al'amuran aure da gado da wasiyya da waƙafi. Sheikh Abubakar Gumi ya zama shugaban wannan kotu, wato Alƙalin Alƙalai, a 1962.

Masu tarihi sun fi tsayawa a kan 1960, amma a ganina sauyin da ya fi taɓa talaka daga baya ya zo. Har lokacin En'e ce ke naɗa alƙali, ita ke biyansa, 'yan dokarta ke kamo mai laifi, gidan yarinta ke tsare shi. Alƙalai masu tsoron Allah suna nan, sun kuma tsaya kan gaskiya, amma da wuya mutum ya saɓa wa hannun da ke ba shi albashi. Dokar 1967, lokacin Gwamna Hassan Usman Katsina, ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rushe kotunan sarakuna. Daga 1968 kotunan yanki suka maye gurbinsu a sababbin jihohin Arewa shida, ƙarƙashin sashen shari'a na gwamnati. Haka aka tafi har 1999, lokacin da Zamfara ta shelanta dawo da hukuncin laifuka bisa Shari'a, wasu jihohi 11 suka bi sahu.